Mai Ƙofofin da Ba Sa Buɗuwa

Ranar wata Laraba a tsakiyar damina ruwa ya kwashe gidajenmu na gindin dutse a Rano. A ranar ce kuma matata Maijidda ta tafi barka Durba, a hanyar dawowa rafi ya tafi da motarsu. Manya sun zo jaje, sun ɗauki hoto da tarkacenmu, sun tafi. Mutum ɗaya ne ya bi mu yana tambayar abin da ba wanda ya tambaya: wane launi ce ƙofar gidanku?

Sunansa Muhyiddeen, mai gyaran keke ne a lokacin, yana kuma rubuta allunan shaguna. Shi nake wa jinjina yau tun yana da rai, don na lura mutanenmu ba sa gane mutumin kirki sai an ɗauko makara.

Kullum da hantsi yakan zare kekunansa masu batir daga caji, ya goge sirdinsu, ya jera su a bakin shago. Baƙi na zuwa daga Kano, ga ɗalibai, ga 'ya'yan gari da suka girma a waje. Yana gaba, suna biye. Kekunan nan ba su da ƙara. Sai dai ka waiga ka ga jerin mutane suna hawa tudu ƙafa ba ta motsi, kamar wani abu ne ke jansu daga kan dutse. Tsofaffi sun daɗe suna a'uziyya in sun gifta. Yakan nuna wa baƙi ragowar ganuwa, da ramukan marina da suka bushe, da kufan da mutanen dauri suka bari.

Ƙarshen zagaye kuwa kullum doguwar katangar wani tsohon sito ce. A jikinta ya zana ƙofofin gidajen da ruwa ya ci, kowace da tsawonta da launinta, har facin langa-langar da ke ƙofar mahauci. Ba ya zana fuska. In an iso sai ya sa a jingine kekuna, ya tsaya gaban kowace ƙofa ya yi sallama, sannan ya jira daidai yadda mutum zai taso daga tsakar gida. Baƙi kan fara da dariya. Kafin a kai ta uku ba ka jin komai sai iskar da ke saukowa daga dutse. An taɓa kai ƙararsa wai da aljanu yake magana. Da liman ya tambaye shi sai ya ce, "Allah gafarta Malam, gida ko babu kowa ai ana yi masa sallama."

Bara Alhaji Saminu, ɗan unguwarmu da ya zama na birni, ya sayi siton bai ko zaga bayansa ba, ya zo da masu fenti a shafe katangar. Muhyiddeen bai roƙe shi ba. Cewa ya yi ya hau keke su ɗan zaga kafin a dama fenti. Alhaji ya hau yana dariya, yana cewa keken nan ba zai iya da tumbinsa ba. Da suka dawo, Muhyiddeen ya tsaya gaban wata gajeruwar ƙofa mai ƙusa a gefe inda ake rataye fitila, ya yi sallama. Ƙofar Fanta ce, mahaifiyar Alhaji.

Masu fentin ne suka ba ni labari. Sun ce Alhaji ya tuɓe takalmi, ya sunkuya yadda ya saba don kada ya bugi kai, har hularsa ta taɓa siminti. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago bai kalli kowa ba, ya ce, "Ku mayar da fentin."

Yanzu yanar ido ta rufe wa Muhyiddeen gani, ya ce daga wannan daminar ya ajiye keke. Kai ne mai ƙofofi, Muhyiddeen. Kai ne ka gane cewa wanda ya rasa gida ba buhun shinkafa kawai yake nema ba, yana neman inda zai tsaya. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya. Ku kuma samarin Rano da Kibiya, ruwa na cin fentin nan duk shekara. In ba wanda ya karɓi burushi ya koyi sallamar nan, gidajenmu za su sake rushewa, wannan karon ba ko ƙara.

Tawa ƙofar ita ce shuɗiyar da ke ƙarshe. A ɗan buɗe ya zana ta, da baƙin fenti a tsakani. Na tambaye shi dalili, ya ce haka Maijidda ta bar ta da ya wuce ran nan, ta ce masa ba daɗewa za ta yi ba.

Nakan je da la'asar. Ba na sallama, gidana ne. Zama nake na jingina da ƙofar ina kallon hanyar Durba, da abin da ban samu na faɗa ba: sannu da zuwa, Maijidda, ya hanya?