Kawun da ke sa mu kwance goyo

Tun ina da cikin Hauwa nake tunanin ranar da zan haye rafin ƙauyenmu da ita. Ina aure a Yerimaram, Inna kuwa tana can ƙetare, kuma da damina babu hanya sai kwale-kwale.

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Maina, yayan Inna, wanda ya fi kowa daɗewa yana tuƙi a mashigin nan. Zazzaɓi ne ajalinsa. Ruwan bai taɓa ƙwace masa mutum ba.

Rafin ba faɗi gare shi ba, gudu gare shi. Yana dukan duwatsu, ya yi kumfa, ya juya a tsakiya. Kawu yakan tsuguna ya duba. In ya ga ɗanyen ganye na gangarowa, ya san an yi ruwa a sama, sai ya ɗaure jirgi ko da rana na haskawa. Kuma ba ya ɗaukar mace da goyo a baya.

"Kwance shi ki rungume," yake cewa. "In kika faɗa, kanki zai fito, nasa yana ƙasa."

Mata su yi ta mita: "Maina, kai ka haifa min shi?" Ya ce, "A'a, amma ni zan nemo shi."

A watan jiya Inna ta kwanta ciwo, dole na tafi. Na tarar mashigin ya canja. An rage yawan masu shiga, ba a tuƙi bayan magariba, kowa sai ya sa rigar ruwa mai hana nitsewa. Da Kawu ya gani, na san zai ji daɗi, ko da zai ɗan yi musu gardama. Sai dai rigunan duk na manya ne. Na tsaya Hauwa na bayana, ina neman ɗora rigar a kanta.

Matuƙin, wanda bai san ni ba, ya ce, "Baiwar Allah, kwance ta ki rungume. Haka ake yi a nan."

Na kwance majanyi. Muka haye, ruwa na fantsamo mana, Hauwa na dariya. Inna ma ta samu sauƙi.

Allah ya jiƙan Kawu. Iyaye mata, in an ce ku kwance goyo, ku kwance. Masu kawo rigunan nan kuma, don Allah ku haɗo da na yara.