Kwanon Yaya Ladi da Guguwar Karshi

Kubwa zuwa Masaka

Muna idar da sallar asuba muka fita daga Kubwa, ni da ƙanena Sabo kafinta, a bayan a-kori-kurar wani direba mai suna Danjuma. Ɗakin yayarmu Ladi da ke Karshi yoyo yake, ga damina ta kawo kai, shi ne muka ce yau sai an rufe shi. A shingen Nyanya ɗan sanda ya leƙo, ya ga zarto da guduma, ya ce mu wuce.

A Masaka muka sayi kwano bandir biyu, muka karya da ƙosai da koko a tsaye. Rana ta riga ta buɗe, zafi kamar a bakin murhu. Danjuma ya dubi gabas, ya ce, "Oga, yau ruwa ba zai zo ba. Wannan hadari yaro ne."

Karshi

Mun iso da hantsi. Yaya ta kawo kunu, Sabo ko kallonsa bai yi ba, ya haye sama ya ɓamɓare tsohon rufin. Aikinsu na kafintoci, don gudun hawa da sauka, sai ya sa muka miƙa masa kwanon gaba ɗaya, ya jibge a kan katako, ya danne da bulo guda.

Bayan azahar hadarin ya fara tsayi. Bai yi baƙi ba, babu ƙanƙara, tsawa ma daga nesa take. Sai wata iska mai sanyi ta taso daga wajen duwatsu, inda ruwa ya riga ya sauka, ta yi karo da ta zafin gonaki. Can cikin gonar doya na hango ƙasa tana juyawa.

Yaya ta ce, "Sabo, sauko."

"Yaya, guguwar rani ce. Saura layi biyu."

Amma ta rani ba ta kaiwa ga gajimare. Wannan ina kallo ta miƙe, ta sirance, ta haɗe da gindin hadarin. Daga baya wani maƙwabcina mai aikin hasashen yanayi ya bayyana mini: idan iska biyu suka gogi juna a ƙasa sukan haifar da juyi, hadari mai tasowa kuma yana zuƙar iskar zafi sama, sai ya ja juyin ya miƙar da shi. Yana sirancewa yana ƙara gudu. Ba sai hadari ya yi muni ba.

A lokacin kam ba bayani nake nema ba. Mata na salati, wani dattijo ya fara kiran salla, Danjuma ya shige ƙarƙashin motarsa.

Na ƙwala ihu, "Sabo! Kwanta! Rungumi katako!"

Bulon ne ya fara faɗowa. Sai kwanon ya tashi ɗaya bayan ɗaya, yana kuka a sama, kowanne da bakinsa kamar wuƙa. Ɗaya ya sare reshen mangwaron da muka sha kunu a gindinsa. Ƙura ta rufe ɗakin, ban ga ƙanena ba. Yaya ta riƙe hannuna har farcenta ya shige.

Kafin a gama kiran sallar guguwar ta wuce, ta mutu a bakin rafi. Sai ga yayyafi.

Sabo yana nan manne da katako, damtsensa na jini. Da ya ɗago, abin da ya fara cewa shi ne, "Yaya, kwanonki ya tafi."

Ta ce, "Kwano a Masaka ake sayar da shi. Kai fa, a wace kasuwa zan samo ka? Sauko, don Allah."

Komawa

An ɗinke masa hannu a wani ƙaramin asibiti, muka ɗaura wa Yaya tamfol, muka kamo hanya. Danjuma bai sake yi mana hasashen ruwa ba. Da magariba muka shigo Kubwa, mu uku kamar yadda muka fita, kuma wannan na gode wa Allah a kansa. Ina sauka Yaya ta bugo waya. Na ce ko tamfol ɗin na yoyo? Ta ce yana yi, amma ba shi ta kira tambaya ba, in ba ta Sabo ta ji muryarsa.