Idon Dama na Sture Nyhlén

Shekara ashirin da huɗu Sture Nyhlén ya yi yana jan motar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Bjurhamn, ko bango bai taɓa goga mata ba. Kafin nan katako yake ɗauka daga daji zuwa tashar jirgin ruwa, don haka babu kwanar da bai san halinta ba a hanyoyin arewa. Gajere ne kakkaura, ba ya son surutu, kullum da ƙullin taba a ƙarƙashin leɓensa na sama. 'Yan wasa Baba Sture suke ce masa. Akwai ma biyu a cikinsu da ya taɓa jan iyayensu a wannan aikin.

Shekarar da ƙungiyar ta samu shiga gasar Turai, garin ya cika da murna har masu gashin burodi suka koma shafa wa burodin kirfa launin rigar ƙungiya. A wannan shekarar ce kuma idon Sture na dama ya fara cin amanarsa.

Abin ya soma kamar wasa. A watan Mayu ya kai hannu zai ɗauki jarida, ya ture kofin da ke gefensa, ya rantse bai gan shi ba. A watan Yuni wani mai keke ya ɓullo masa ta dama kamar daga ƙasa ya tsiro. Da ya mayar da mota gareji sai ya tsaya, ya rufe idon hagu da tafin hannu. Duniya ta koma kamar yana leƙenta ta cikin bututu, tsakiya tar, gefe kuwa duhu.

Bai gaya wa kowa ba. Ya san ranar da likita ya ga idon nan, ranar zai rabu da lasisinsa, shi kuwa bai san wani Sture ba ban da wanda ke bayan sitiyari. Ya ce wa kansa bari kakar wasanni ta ƙare.

Kakar kuwa ta ƙi ƙarewa. Suka fitar da wata ƙungiya daga Iceland, a watan Agusta kuma suka doke ta Cyprus da bugun fenareti, suka shiga matakin rukuni. Jama'a na rungumar juna a filin wasa, Sture yana zaune a mota yana lissafin tafiye-tafiyen da suka ƙaru. Yanzu Alhamis wasan Turai, Lahadi wasan lig, babban filin jirgi kuma tafiyar awa huɗu ce ta cikin daji.

Matarsa Majvor ce ta fara lura.

"Sture, me ya sa kake juya kai gaba ɗaya kamar mujiya?"

"Wuyana ne ya sage."

"Shekara talatin da takwas ina kallon wuyan nan. Ƙarya ba ta yi maka kyau, ka sani."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Tun daga nan abinci ya daina yi masa daɗi. Duk safiyar tafiya sai ya zagaya motar sau uku yana goge madubai. A hanya kuwa gumi ke jiƙa masa baya, alhali sauran mutane sun ƙudundune cikin riguna.

Ranar wata Talata a watan Nuwamba suka kama hanyar filin jirgi, za su buga wasa a Beljiyam. Ƙanƙara ta kwana biyu tana zuba, kuma tun ƙarfe biyun rana haske ya fara janyewa. Mai tsaron gida, Elvir Mujkić, yana kujerar gaba kamar kullum, don in ya zauna baya amai yake yi. Daga baya ana ta karta ana tsiya.

"Baba Sture, taka ta mana," in ji wani. "Ko kakata ta fi ka gudu, kuma da sanda take tafiya."

"To kira ta ta kai ka," in ji Sture, idonsa na kan titi.

Ba a gama dariya ba Elvir ya dafe masa kafaɗa.

"Dama, Baba. Dama!"

Sture ya juya kai. Älg ce, wata ƙatuwar dabbar daji dangin barewa, ta fi doki tsayi, ta riga ta sa ƙafafun gaba a kan kwalta. Ya taka birki. Motar ta ƙi tsayawa, bayanta ya fara zamewa zuwa hagu, inda rami yake da kogi a ƙasansa. Jakunkuna suka zubo daga sama. Ya saki birkin, ya bi ta a hankali yadda ya saba da motar katako, ya sake takawa. Dabbar ta bangaji madubi ta karya shi, ta faɗa daji. Motar ta tsaya a karkace, tayar baya ɗaya a bakin ramin.

Sai aka ɓarke da tafi. Koci Kjell-Åke Forslund, da jini a leɓe, ya zo yana buga masa baya yana cewa yau ya ceci mutum talatin da ɗaya.

Elvir kaɗai bai tafa ba. Ya sunkuyo ya rage murya.

"Tun daga wancan allon nake kallonta tana tahowa. Na zaci ka gan ta."

Sture ya kalli madubin da ya karye. Elvir ya ƙara matsowa.

"Ba ka gani ta gefen dama, ko?"

"Kilomita goma sha biyu ne zuwa gidan mai," in ji Sture. "Ka zama idona har can."

Haka suka yi. Elvir na faɗa masa a hankali, nan babu komai, ga mota za ta fito, ga kwana. Sture bai taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba. Duk kututturen da ya gifta sai ya ga kamar ƙafafu ne da shi.

A gidan mai ya kira koci gefe, ya miƙa masa makulli, ya faɗa masa komai. Kjell-Åke ya karɓi makullin.

"Tun yaushe?"

"Tun Mayu."

"Da 'ya'yan mutane a bayanka." Koci ya juya yana neman wani direba a waya.

Da ƙyar suka samu jirgi. Sture ya zauna a gidan man har Majvor ta zo ta ɗauke shi, kuma har suka iso gida ba ta yi masa gori ba.

Likita ta ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, kuma ya fara taɓa na hagu. Aka karɓe lasisin. Bjurhamn ta fita daga gasar Turai da maki huɗu, ta ƙare ta bakwai a lig. Sai bayan Kirsimeti Kjell-Åke ya sake yi masa magana, ya ce ɗakin wankin riguna na neman mutum.

Can yake aiki yanzu. Safe da yamma Majvor ke ɗiga masa magani, don ta ce ba ta yarda da shi ba. Duk wata uku sai ya je asibiti a auna abin da ya rage na ganinsa. Idan ranar ta kusa, ba mai jin muryarsa a gidan.