Ruwan Zafin da Ya Kai Ni Kotun Haya

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi. Wajen ƙarshen shekarun 1970 ni malamar firamare ce a Kaduna, sabuwar amarya mai kunya, wadda ko a ɗakin malamai ba a cika jin muryarta ba. Maigidana akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, mutum ne mai gudun rigima, in ka taka shi ma shi zai fara ba ka haƙuri. A lokacin garin ya cika da ma'aikata, gidan haya ya yi wuya ƙwarai, don haka da muka samu sashe a wani sabon gini a Abakpa, ciki da falo da kicin da banɗaki, ji muka yi kamar kyauta aka ba mu.

Mai gidan wani Alhaji ne ɗan kwangila da ke zaune a Unguwar Kanawa. Ranar da ya zagaya da mu, abin da ya fi tinƙaho da shi ita ce tukunyar dafa ruwa ta lantarki da ke maƙale a bangon banɗaki, wadda ake kira hita. Ya ce saboda ita ba a hura itace ko gawayi a gidansa, kada hayaƙi ya ɓata masa fenti. Girki a risho, ruwan zafi a famfo. Muka amince da murna. Ba mu jima ba muka gane halin hitar: ta yi aiki yau, gobe ta mutu, kuma wani lokaci in ka kama kan famfon da jiƙaƙƙen hannu sai wuta ta fizge ka har kafaɗa. Mun sha gaya wa wakilin Alhaji mai karɓar haya, kullum amsarsa ita ce za a turo mai gyara. Ni kuma sai na koyi naɗe hannu da tsumma kafin in buɗe ruwa, na ja bakina na yi shiru.

Na haifi 'yata ta fari a tsakiyar damina, ana marka. Rana ba ta leƙowa, bangon ɗaki ya tsotse ruwa, kayan jaririya sai su wuni a igiya ba su bushe ba. Gwaggona ta zo daga Zariya don ta yi mini wankan jego, ta tarar hitar ta mutu murus. Ta yi ta fama da ƙaramar tukunya a kan risho, kafin ta biyu ta tafasa ta farko ta huce, ga kananzir ya yi wuya a gari. Da ta ga ƙafafuna sun fara kumbura, jaririya kuma tana tari, sai ta ce ita ba za ta zuba ido ba. Ta kafa duwatsu a bayan kicin, nesa da bango, ta sayo itace, ta aro babbar tukunya a maƙwabta.

Wata hantsi ina tsaye bakin taga da yarinya a kafaɗa, wakilin ya shigo. Bai yi sallama ba. Ya ɗauki bokitin da muke tarar ruwan sama ya sheƙa wa wutar, ya sa ƙafa ya tuntsurar da tukunyar. Gwaggo, tsohuwar da ta isa ta haife shi, tana tsaye cikin taɓo tana ce masa ɗan nan ka ji tsoron Allah, mai jego ce a ɗaki. Ya ce shi umarni aka ba shi. Washegari ya dawo da saƙon Alhaji, wai mun karya dokar gida, mu kwashe kayanmu kafin ƙarshen wata.

A cikin makon tarin yarinya ya koma numfashi sama-sama, muka kwana biyu a asibiti, likita ya ce sanyi ne ya kama mata ƙirji. A bakin gadonta ne maƙwabciyarmu ta sashen gaba, wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin jihar, ta gaya mini gwamnati ta kafa kotun da ke sauraron rikicin masu gida da 'yan haya, kuma ba a korar ɗan haya haka kawai don ya nemi a gyara abin da ya lalace. Ban taɓa sanin haka ba. Ni a tunanina mai gida sarki ne a gidansa.

Da na kawo wa maigidana maganar sai hankalinsa ya tashi. Ya ce Alhaji yana hulɗa da manyan ma'aikatarsu, kalma ɗaya za ta iya jefa shi wani ƙauye. Gara mu je mu ba da haƙuri, mu nemi wani wuri a hankali. Ban taɓa musa masa ba sai ranar. Na ce, "Malam, haƙurin me za mu bayar? Na dafa ruwa a gidan da muke biya? In mun fita shiru, wata mai jegon zai saka a ɗakin nan, ita kuma wataƙila ba za ta dawo da nata ɗan daga asibiti ba."

Ya roƙe ni mu fara bi ta wurin mai unguwa, na yarda. Aka tara mu a zaure. Alhaji ya ce gidansa ne, da guminsa ya gina, wanda bai iya zama ba ga hanya nan. Da na buɗe baki zan yi bayani, ko kallona bai yi ba, sai ya juya ya tambayi maigidana tun yaushe mata suka fara yi masa magana a gaban maza. Muna fitowa, kafin mu kai bakin titi, maigidana ya ce mini gobe in shirya da wuri, shi zai kai ni kotun da kansa.

Sauran 'yan hayar da suka yi alkawarin ba da shaida duk suka zame, kowa yana tsoron ɗakinsa, ban kuma ga laifinsu ba. Ma'aikaciyar jinyar nan da Gwaggo ne kaɗai suka tsaya. A kotu na yi magana, ban bar komai ba. Alhaji ya rantse hitarsa lafiya lau take, mu ne ƙauyawa ba mu iya amfani da ita ba. Shugaban zaman, wani dattijo mai magana a hankali, ya ce to abin ai mai sauƙi ne, a je a gani.

Suka zo gidan da mai gyaran lantarki na gwamnati, muka cika ƙofar banɗaki. Aka kunna hitar. Dattijon ya ce, "Alhaji, bismilla, buɗe mana famfon." Alhaji ya dubi wakilinsa. Wakilin ya tura hannuwa cikin aljihun riga ya kafa wa rufi ido. Babu wanda ya matsa. Daga baya mai gyaran ya kwance murfin ya nuna musu wayar da ta gwaigwaye tana taɓa bututun ruwa, ya ce Allah ne kawai ya tsare ba a ɗauki gawa a ɗakin ba.

Kotu ta soke korar, ta umarci Alhaji ya gyara wutar gidan gaba ɗaya, ta ce kafin ya gama muna da damar hura wuta a bayan kicin. Gwaggo ta ƙarasa mini wanka da ruwa mai tururi. Sai dai abin bai bar mu haka ba: an hana maigidana ƙarin girma a shekarar, kuma har yau muna zargin daga ina abin ya fito. Muka ƙara shekara a gidan, muka tashi ranar da muka ga dama. 'Yata ta rayu, yanzu ita ma uwa ce, sai dai ƙirjinta bai taɓa son sanyi ba.

Abin da ke cina har gobe shi ne da na ɗaga murya tun ranar da wuta ta fara fizgata, da ba a kai ga gadon asibiti ba. Na ɗauka shiru tarbiyya ce, ashe wani shirun cutar kai ne. Don haka 'yan'uwana masu zaman haya, musamman mata da ke wuni a cikin gidajen nan, ku gwada komai kafin ku tare, a yi sharaɗi a gaban shaidu, in abu ya lalace ku faɗa, in an ƙi ku je gaba. Ku girmama mai gida, amma kada ku manta ba alfarma yake muku ba. Ranar da lafiyar ɗanki ta hau mizani ɗaya da fentin bangon wani, 'yar'uwa, ajiye kunya ki ɗauki mayafinki.