Wayar da Inna Ta Ba Ni Ajiya

Shekarar da na ƙetara Nijar aikin koyarwa, abu biyu na tarar a Tasawa: sojoji sun karɓi mulki a Yamai, daminar da ta wuce kuma ta yi gardama, rumbuna sun zama wayam. Wata makarantar kuɗi ce ta ɗauke ni in koyar da Ingilishi. Na taso daga ƙauyenmu kusa da Zariya da jaka ɗaya da girman kai mai yawa, ina cewa Hausa ce can, Hausa ce nan, wane baƙunci zan yi? Kwana uku suka ishe ni in gane kurena. Yara suka riƙa kira na Mushe, wato malami, ni kuwa a garinmu mushe abin da ungulu ke sauka kansa ne. Sai da na yi mako ina haɗiye fushi kafin na saba.

Wayata na baro wa matata, don ta riƙa jin duriyata ita da 'yarmu. Na ɗauka da na iso zan sayi wata. Na je kasuwa wurin mai sayar da salula, na ce ina son waya da layi. Ya ce layi a nan pus ake ce masa, kuma sai na kawo katin ɗan ƙasa ko takardar zama. Ko doka ce, ko tsoro ne kawai, ban sani ba, lokacin soja kowa takatsantsan yake yi. Takarduna kuwa suna can wani ofis, kullum a ce in dawo jibi. Na yi masa faɗa kamar shi ya riƙe su, ya ƙyale ni na gama, ya ce, "Sai haƙuri, Mushe." Haka na koma bin layin telesantar, ɗakin da ake biya a yi kira. Ka tsaya cikin rana, in layi ya zo kanka a ce matarka ta tafi rijiya.

Ranar Lahadi nakan je wata ƙaramar majami'a a bayan gari, ba mu fi cika benci shida ba. A nan na san wata tsohuwa da kowa ke ce wa Inna. Mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Attantane, yunwa ta koro ta wurin 'yarta da ke aure a Tasawa. 'Yar siririya ce, ga baki, ba ta barin kowa ya wuce ba ta tsokane shi ba. Ni takan ce mini, "Mushe na Najeriya, mai Hausa da hanci."

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ta ce za ta koma gida shuka. Bayan an tashi sujada ta ja ni gindin bango, ta kwance bakin zanenta. Waya ce 'yar ƙarama, baƙa, an ɗaure bayanta da roba, lambobin sun goge don dannawa.

Ta ce, "Ta ɗana ce. Da hatsi ya ƙi, ya tahi Libiya nema, ya bar mani ita. Wagga lamba kaɗai ya sani da ka. Ya ce in ya samu wuri za ya kira. Wata bakwai ke nan."

Na ce, "Inna, ai gara ki riƙe abarki."

"Garinmu babu kuran, wuta ke nan gare ku, babu rezo, waya ba ta kamawa sai bisa tudu. In na tahi da ita, mutuwa za ta yi. In na bar ta gidan ɗiyata, yunwa ba ta san amana ba, mijinta ya riga ya tambayi tiya nawa ta gero za ta sawo. Kai kana da wuta a ɗakinka, ba ka da waya. Ka kira matarka yadda kake so. Abu biyu na roƙe ka: kada ka bari ta kwana a mace, kada ka sauya pus ɗin."

Na karɓa da hannu biyu. Matar da yunwa ta sa take cin ganyen daji, jiga da dilo, ga abin da zai ba ta gero a bakin zanenta, ta ƙi sayarwa, ta ɗauka ta ba baƙon da ko sunan ƙauyensu ba ta sani ba. Ran nan na kira matata daga kan tabarmata, ba layi, ba rana, 'yata ta yi mini waƙar da aka koya musu har ƙarshe. Na ji daɗin da na daɗe ban ji ba.

Amma wayar ta zo da jama'arta. Abokan yaron ba su san ta sauya hannu ba. Sai ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, abin da mu ke ce wa filashin, su kuma bip. Da fari nakan bi kira, in tarar wani ne ke tambayar ko mai wayar ya dawo, wani kuma gaisuwa kawai, ya tambayi gida da gajiya da zafi, katina na ƙonewa. Raina ya ɓaci. Na kafa wa kaina doka: duk mai son magana da ni ya sa kati ya kira, ni ba gwamnati ba ne. Na ce ai Inna cewa ta yi ɗanta zai kira, ba ta ce zai yi bip ba.

Wata Juma'a da azahar wata doguwar lamba ta yi bip, baƙuwa, ba irin ta Nijar ba, ba irin ta gida ba. Ni kuwa an taɓa wanke ni a Kaduna da irin wannan, wani ya kira ya ce na ci kyauta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Na ce, 'yan damfara, har nan kuka biyo ni? Juma'a ta zagayo, lambar ta sake yi. Na yi tsaki. Ta uku ma haka, har ina yi wa kaina kirarin wayo.

Mai gidan da nake haya wani Alhaji ne, ɗan kasuwar fata, dattijo mai son zama a zaure da shayi. Da yamma ran Juma'ar ta uku ina ba shi labari, ina dariya, na nuna masa lambar. Ya sa tabarau ya duba. Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Mushe, wagga lambar Libiya ce. Na yi shekara huɗu can ina saurayi. Wayar wa ka ce kana riƙo?"

Na ce, "Ta Inna ce, wadda ɗanta ke Libiya."

Ya ce, "Mu nan bip sallama ce. Wanda ba shi da shi ya tsaya bakin ƙohwa ya yi sallama, mai shi ya hito. Yaro ya yi maka sallama sau ukku kana ciki kana jin shi."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ruga na sawo kati, na kankare. Na kira, wani ya ɗauka da Larabci, na miƙa wa Alhaji. Suka yi ta yi, sannan aka nemo wani Bahaushe a can ya yi mana bayani. Wayar ta mai shago ce. Yaron yana aikin lambu nesa da gari, ranar Juma'a kaɗai yake shigowa, mai shagon kuma bip kawai yake yarda a yi da wayarsa. Yau da ya yi na uku ya ji shiru, ya zauna a ƙofar shagon ya ce ko dai an sayar da wayar, ko tsohuwa ba ta da rai. Ya ce ba zai ƙara zuwa ba, zai wuce gaba can bakin teku.

Na ƙwace wayar na ce, "Don Allah ka neme shi. Ka ce masa uwarsa na nan da ranta. Ya zo Juma'a mai zuwa bayan an sauko masallaci, ni zan kira."

Mutumin ya ce zai gwada, bai yi alkawari ba.

Makon nan ban san abin da na koyar ba. Ranar Alhamis na cika wayar da wuta, na kashe ta don kada ta zube a hanya, karon farko ke nan da na kashe ta, na naɗe a mayafi. Na nemi izini a makaranta na shiga motar Mayahi. Ina tsoron shingen jandarma, jami'an tsaron hanya, don takarduna ba su fito ba har lokacin, amma Alhaji ya riga ya yi wa direban magana. Da aka tsayar da mu, direban ya ce, "Mushen ɗiyanmu ne, za shi gaida tsohuwa." Jandarman ya dube ni, ya dubi takardar makaranta, ya ɗaga hannu. A hanya muka yi ta wuce makiyaya daga wajen Issawane suna kora shanun da ƙashin haƙarƙarinsu ke ƙirguwa. Na kwana Mayahi, da safe ɗan kabu-kabu ya kai ni Attantane, daga nan na taka da ƙafa.

A gona na sami Inna, tana noma ita kaɗai. An yi shuka, ruwa ya ɗauke, geron ya tsaya iya ƙauri yana murɗewa. Da ta gan ni ta saki hauyar, ta dafe ƙirji. Na yi sauri na ce, "Lafiya, Inna, lafiya. Yana da rai. Yau za ki ji shi, in Allah ya yarda."

Ba ta ko koma gida ta sauya zane ba. Muka hau tudun da ake samun rezo, wani jigawa mai gawo ɗaya a kansa, ita a gaba ni a baya ina haki. Muka zauna jiran lokaci. A nan na gaya mata gaskiya. Na ce ɗanta ya neme ta sau uku, ina gani na ƙi kulawa, har ya ɗauka ta mutu, ya ce zai wuce bakin teku, kuma ban tabbata zai zo yau ba. Ta dube ni. Wannan matar da ba ta rasa abin faɗa sai ta juya tana kallon arewa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da inuwar gawon ta karkata, na kunna wayar. Sanda ɗaya ta rezo, tana zuwa tana ɓacewa. Na ɗaga hannu sama na kira. Bai shiga ba. Na matsa gaba, na sake. Ta yi ƙara sau ɗaya kawai aka ɗauka, wata murya ta ce, "Inna?"

Na sa mata a kunne. Ta riƙe da hannu biyu, ta ɗaga murya yadda ake kiran wanda ke hayin gona. Ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana goye. Sannan ta shiga gaisuwa, ina gajiya, ina baƙunci, ina aiki, kana cin abinci? Ni da nake jin haushin doguwar gaisuwa a waya, ran nan na so kada ta ƙare. Na ji ya tambayi damina. Ta dubi gonakin da ke ƙasanmu sun yi fari fat, ta ce, "Sai godiya. Gero na nan na tahowa. Kai dai ka kula da kanka, kada ka tahi bakin ruwan nan." Na ja baya na ba su wuri, na tsaya ina share ido da hannun riga.

Suka yi magana har katin ya ƙare da kansa. Ta daɗe riƙe da wayar a kunne bayan ta katse. Sannan ta yafito ni.

Ta ce, "Sau nawa ka ce ya kira ba ka amsa ba?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Uku, Inna."

"Ukku tak? Wanga yaro, sau nawa na tsaya bakin rijiya ina kiran shi, yana jina ya yi banza da ni? Bari shi ma shi ɗanɗana."

Ta yi dariya har da tari, hawaye na bin kuncinta. Na ce to yanzu tunda an same shi, sai in bar mata wayar, in takarduna sun fito zan sayi tawa. Ta kama hannuna ta danƙa mini ita, ta rufe yatsuna a kai.

"Ka sayi mi? Na riga na gaya mashi. Na ce in ya yi bip, wansa na Tasawa za ya kira shi."

Na mayar da wayar aljihuna. Ta gyara zanenta ta gangara wajen hauyarta, ni na biyo ta a baya.

Takarduna sun fito bayan kaka, ban koma wurin mai salular ba. Wayar ta daɗe da lalacewa, na sauya wasu bayanta, amma pus ɗin nan shi ne a aljihuna har yau. Matata takan yi mini tsiya, wai ko ɓatan kai aka yi aka yi mini bip sai na bi. Gaskiyarta ce, sai na bi. Inna ta rasu shekaru kaɗan bayan ɗanta ya dawo, kuma a wannan lambar ya kira ya gaya mini. Da na ɗauka, abin da ya fara cewa shi ne, "Yaya, Innarmu ce."