Gyaɗar da Na Ɗura wa Ƙanena

A lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a a Yelwa, ina karantar kimiyyar sinadaran jiki, kuma ni ce 'yar bokon gidanmu a Ƙofar Ran. Ko ciwon kai aka yi sai an tambaye ni. Kaina ya kumbura, bakina ya manta yadda ake cewa ban sani ba.

Sai wasu ƙulalai rawaya suka fito wa ƙanena, mai bi mini, a gwiwar hannu da agara. Aka auna jininsa aka ce kitse ya yi yawa, likita ya ce a dawo da shi don ƙarin bincike. Ni na hana. Na karanta cewa akwai wani maiƙo a gyaɗa da riɗi da waken suya mai rage kitsen jini, har ana binciken yadda yake taɓa aikin ƙwayoyin gado. Rabin takarda na karanta, na naɗa kaina likita. Na raba shi da kindirmo da man shanun da kawunmu ke aikowa daga ruga, na ɗora shi kan kunun gyaɗa, awara, kantun riɗi, da cokali biyu na man gyaɗa kowace safiya. Yana tsokanata wai na mayar da shi ɓeran rumbu, ina ce masa wata rana zai gode mini.

Fiye da shekara muna haka. Ƙulalan suka ƙaru, na ce dattin ne ke fita. Ranar da ya faɗi a filin ƙwallo dafe da ƙirji, likitar zuciya ta tambayi abin da yake ci, na jero mata har da alfahari. Bayan gwaji ta kira ni gefe, ta ce yawancin mutane jikinsu na fitar da wannan maiƙon, amma shi ya gaji wata lalura daga iyayenmu, Inna da Baffa, waɗanda auren zumunci suka yi. Nasa jikin tara shi yake, har ya toshe jijiyoyin zuciyarsa. Ta ce akwai magani, da an dawo da shi da wuri. Kwana tara ya yi a asibiti, ya rasu.

Na san kwana ne ya ƙare, amma zuciyata ta ƙi sakina. Don Allah, in likita ya ce a dawo, ku koma. Abincin da ya gyara wani yana iya kashe wani, kuma ɗan karatunku ba gwajin jini ba ne. Har yau ban gaya wa Inna ba. Duk wanda ya shigo gidanmu sai ta nuna ni tana sa mini albarka, wai ba wanda ya kula da cimarsa kamar ni.