Baƙar Ƙasar Bayan Gareji

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta shekarar da na kashe fadamar mahaifina da hannuna ba. Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take yi.

Fadamar tana bakin gulbin Maggiya, kusa da Dogarawa, kuma albasarta ce ke riƙe da gidanmu duk rani. 'Yan shekaru bayan babban farin nan na tamanin da huɗu, ƙafafun Baba suka gaza, ya damƙa mini ita. A wajenmu, da ruwa ya janye sai a ɗaura amalanken jaki a tafi Konni kwasar juji don taki, kuma kowa ya san wanda ya fi baƙi shi ya fi kyau. Ni kuwa a lokacin ji nake na fi kowa ido.

A bayan wani gareji na tarar da tulin ƙasa baƙa ƙirin, har tana sheƙi. Na tambayi mai garejin, wani ƙato mai fara'a, ko zai bar ni in ɗiba. Ya ce in kwashe duka, kyauta, har da shebur ya ara mini. Mako guda ina jigila, ina yi wa maƙwabta dariya da ɗan kashin awakinsu.

Ranar da na fara ban ruwa, sai na ga maiƙo kala-kala yana yawo a kan fangalin albasa, ga wani wari mai hawa kai. Kafin sati biyu dashen ya yi rawaya, ya kwanta. Baba ya sa aka kawo shi kan jaki. Ya damƙi ƙasar ya sansana, ya tsinto wani ɓallin batir a ciki.

"Wagga ba taki ba ta," ya ce. "Ina ka samo ta?"

Malamin gona da ya zo ya bayyana mana cewa baƙin mai ne na shekaru, da ruwan batir, da dalmar da ake fasa batir a cire. Ya ce dalma ba ta ruɓewa, kada mu ƙara shuka abin ci a wurin, kada dabba ta yi kiwo.

Na koma Konni wurin mai garejin. Ashe masu duba tsabta ne suka matsa wa mutumin ya kwashe tulin, sai ga ni da jakina. Ko kansa bai ɗago daga cikin mota ba.

"Ni na kira ka? Kai ka roƙa, ni ko na ba ka."

Ya sani sarai. Ya ga amalanken manomi, ya san inda ƙasar za ta, amma duk da haka ya miƙo shebur. Da ba a riƙe ni ba, da a hannun jandarma na ƙare.

Da damina ambaliya ta wanke guba har cikin gonar ƙanen Baba, muka yi shekaru ba ma gaisawa sosai. Baba bai taɓa zagina ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya rasu bai sake cin albasar fadamarsa ba.

Tun daga nan na koyi cewa ba a zuba wa gona abin da ba a san asalinsa ba, kuma in mutum ya yi saurin ba ni kyauta, sai na tambaye shi dalili. Filin yana hannun 'ya'yana yanzu, amma har yau a kasuwa suke sayen albasa.